Yadda Ake Gwada Narkewar Ragowar Kwakwar Manja a Cikin Tumaki

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga ɗalibai da masu kiwo da masu haɗa abincin dabbobi: an samu tunkuzar ƙwarar manja da sauƙi, ko ga ganyen kwakwa jibge ana neman mai kwashewa, to ta yaya za a gane ko tunkiya na amfana da shi, ko dai cika mata tumbi kawai yake yi? Takardar ɗakin gwaji ba ta amsa wannan. Za ta ce furotin kaza ne, maiƙo kaza, amma ba ta san nawa jikin dabbar ya ɗauka ba. Ragon da ya ci shi ne ya sani. Naku aikin shi ne ku auna abin da ya shiga bakinsa, ku auna abin da ya fito a kashinsa, abin da ya ɓace a tsakani shi ne ya narke. Faɗar ba wuya. Aikin kuwa mako uku ne na awo ba fashi, kuma rana ɗaya ta ganganci tana iya rushe shi duka.

1. Ku fara sanin irin ragowar da ke hannunku

Ragowar manja ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace da halinta a cikin tumbi.

Tunkuzar ƙwara, wadda za ku ga an rubuta PKC a buhunta, ita ce abin da ya rage bayan an matse man ƙwarar. Furotin ɗinta yakan kama daga kashi 14 zuwa 18 cikin 100. Wadda injin matsa ya fitar tana riƙe da maiƙo mai yawa, wadda aka cire manta da sinadari kuwa maiƙonta kaɗan ne ƙwarai. Ku tambayi mai sayarwa wace iri ce, ku rubuta, don sakamakon wannan ba ya zama na waccan.

Ganye da rassan kwakwa zare ne mai tauri da furotin kaɗan, kuma dole a daddatsa su. Zaren da ke fita bayan an matse 'ya'yan ya fi su ƙin narkewa. Sai taɓon da ke kwantawa a masana'antar manja: ruwa ya yi masa yawa, yana da maiƙo, yana saurin tsami da fumfuna.

Kafin komai, ku ɗebi tunkuzar cikin hannu, ku murza a tafin hannunku. Baƙaƙen gutsattsarin da ke sukar fata ɓawon ƙwara ne. Ɓawon nan kusan yadda ya shiga haka yake fita, saboda haka buhu biyu masu suna ɗaya suna iya ba da sakamako mabambanta ƙwarai.

Gargaɗi: ku sayi duk abin da gwajin zai ci a lokaci guda, ku juye a kan shimfiɗa mai tsabta, ku cakuɗa sosai, sannan ku mayar buhu. Wanda kayansa ya ƙare a rana ta 16 ya je ya sayo wani, ya gwada abinci biyu ne ya ba su suna ɗaya. Kuma duk abin da ke warin fumfuna a zubar da shi. Ba a gwada ruɓaɓɓen abinci a kan dabba.

2. Kayan aiki, da inda kuɗin ke tafiya

Kuna buƙatar keji ɗaya ga kowane rago: wanda zai iya tsayuwa ya kwanta a ciki amma ba zai juya ba, ƙasansa mai tsaga ko raga, da faranti a ƙasa mai raba kashi da fitsari. Idan babu wannan, jakar kashi da ake ɗaura wa rago da maɗauri a gindi tana aiki. Sai komi mai zurfi da bokitin ruwa ga kowanne, ma'aunin dabbobi, ƙaramin sikelin lantarki mai karanta gram ɗaya, ledoji masu kauri, alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, firiza, na'urar busarwa mai riƙe zafi daidai, da littafi mai bango mai ƙarfi.

Kuɗi ya fi tafiya wuri uku: dabbobin, kejin, da ɗakin gwaji. Dabbobin dai ana sayar da su daga baya, keji kuwa kafinta ko maƙeri zai haɗa shi a yi shekaru ana amfani. Ɗakin gwaji ne ke ba mutane mamaki, saboda ana biya ne a kan kowane samfuri da kowane awo. Ku ƙirga tun yanzu: raguna nawa, zagaye nawa, awo nawa, ku karɓi farashi kafin ku sayi rago ko ɗaya. Ana iya tsuke hannu a wurare da dama, amma ban da sikeli.

3. Zaɓen raguna

A yi amfani da maza, saboda fitsarinsu na fita nesa da kashi. Na tunkiya yana gauraya da kashin, awon furotin ya lalace. Dandaƙaƙƙun raguna sun fi natsuwa a keji. Su kasance jinsi ɗaya, shekaru kusan ɗaya, nauyi kusa da juna, lafiyayyu, masu haƙora cikakku.

Kowane abinci ya samu aƙalla raguna 4, in da hali 5 ko 6. Rago ɗaya ba ya ba da hukunci, don ko 'yan uwa ɗaya ba sa narkar da abinci daidai da juna. Idan raguna 4 kaɗai kuke da su kuma abinci 4 za ku gwada, sai ku yi karɓa-karɓa: zagaye 4, kowane rago ya ci kowane abinci sau ɗaya. Ya fi arha ta wajen dabbobi, amma mako 3 zai koma mako 12.

Likitan dabbobi ya duba su, a ba su maganin tsutsar ciki da na kaska kamar mako biyu kafin a fara, a sa musu lamba a kunne, a auna su da safe kafin su ci. Wane rago zai ci wane abinci kuwa, ƙuri'a ce za ta raba. Idan kuka bar wa ido, hannunku zai kai ƙosassun wajen abincin da kuke fatan ya yi nasara, ba tare da kun lura ba.

4. Haɗa abincin

A nan mutane suka fi kuskure. Ba a ba tunkiya tunkuza zalla. Tumbi na buƙatar dogon zare don a yi tuƙa, in babu shi aikin ciki ya rikice, lambar da za ku samu kuma ba ta lafiyayyar dabba ba ce. Hanyar ita ce rukuni biyu aƙalla. Rukunin farko yana cin busasshiyar ciyawa kaɗai. Na biyu yana cin ciyawar nan ɗin dai, haɗe da ragowar da kuke gwadawa, misali kashi 70 ciyawa, kashi 30 tunkuza. Daga baya lissafi zai ware rabon tunkuzar. Mai son ganin inda amfani ke fara raguwa sai ya ƙara matakai, kamar 15 da 30 da 45.

Duk haɗi a yi shi ne a kan busasshen nauyi, wato nauyin abu bayan an kore ruwan cikinsa gaba ɗaya. Kilo ɗaya na ɗanyen ganyen kwakwa da kilo ɗaya na tunkuza ba abinci ɗaya suka ɗauka ba, don fiye da rabin ganyen ruwa ne.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, maiƙo: idan ya haura kusan kashi 6 zuwa 7 na dukan abincin, yana danne ƙananan halittun tumbi masu narkar da zare, sai narkewar ciyawar ma ta sauka. Ku lissafa shi tun a takarda, musamman ga taɓo da tunkuzar matsa. Na biyu, gishirin lasa: kada ku kuskura ku ba su na shanu, saboda ana ƙara masa jan ƙarfe. Dalilin yana mataki na 10. Tunkuza kuma fosfaras ɗinta ya fi kalsiyam yawa, abin da ke jawo wa raguna tsakuwar mafitsara, don haka a ƙara garin kalsiyam na abincin dabbobi har kalsiyam ya kusa ninka fosfaras sau biyu, daidai wa daida ga kowane rukuni.

5. Kwana 14 na sabo

Ku shigar da sabon abincin sannu a hankali cikin kwana 4 ko 5 na farko. Halittun tumbi na bukatar lokaci su sauya, tsohon abincin kuma ya gama fita. Kwana 10 shi ne mafi ƙaranci, 14 ya fi kwanciyar hankali, musamman ga tunkuza da tumaki kan shinshina su kau da kai a farko.

A ciyar sau biyu a rana, a lokaci ɗaya kullum, ruwa kuma kada ya yanke. Ku riƙa rubuta abin da kowanne ya ci. Ragon da ke ci da kyau yakan ɗauki busasshen nauyin da ya kai kusan kashi 2.5 zuwa 3.5 na nauyin jikinsa. A kwanakin ƙarshe na sabo ku rage abincin zuwa kashi 90 na abin da yake ci da kansa, ku tsaya a kan wannan adadin har ƙarshe. Da haka komi zai riƙa wayewa fes, ku huta da matsalar saura.

Ku tsaya ku kalli yadda suke ci, ko da minti goma ne. Akwai ragon da zai sa hanci ya ture ciyawa gefe ya lashe garin da ya gangara ƙasan komi, akwai wanda zai tsince ciyawar ya bar garin. Dukansu biyun ba kashi 70 da 30 suka ci ba. Maganin shi ne a daddatsa ciyawar gajeru, a ɗan yayyafa ruwa a cakuɗa lokacin bayarwa don garin ya manne.

A sa su keji, ko a ɗaura musu jakar, kwana 3 zuwa 5 kafin a fara tarawa. Ragon da ya firgita ba ya ci, kashinsa ma yana canzawa. Duk wanda ya daina ci kwana biyu, ko ya kama zawo, ko maɗauri ya ji masa ciwo, a fitar da shi a kira likita, a rubuta dalili a littafi.

6. Kwana 7 na tarawa

Wannan ne gwajin kansa. Abin da rago ya ci yau ba yau yake fita ba, saboda haka a fara ƙirga abinci kwana biyu kafin a fara ƙirga kashi, a kuma gama shi kwana biyu kafin na kashin. Idan kullum adadi ɗaya yake ci, wannan tazarar ba ta da wani tasiri, amma ku kiyaye ta.

Kowace safiya, kafin a zuba abinci, tsarin ɗaya ne. A kwashe saurar jiya daga komi, har da wadda ta zube a ƙasa, a auna, a adana. A janyo farantin kashi. A duba tsagogin keji da kusurwoyi, don 'ya'yan kashi na maƙalewa a can, wasu kuma kofato ya taka su sun manne, sai an kankare da wuƙa. A tsince gashi da ciyawar da suka faɗa ciki da hannu. A auna kashin duka, a rubuta nan take, ba sai an koma ɗaki ba. Sannan a cakuɗa shi sosai, a ɗebi kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a sa a leda mai lambar rago da kwanan wata, a kai firiza. Sai a auna abincin yau, a ɗebi ɗan samfurinsa, a zuba.

Kashi 10 na kowace rana, ba cokali ɗaya ko hannu ɗaya ba. Ranar da ya yi kashi da yawa ta fi nauyi a lissafi, don haka rabonta a samfuri ya fi yawa.

Na taɓa rasa sakamakon rago guda saboda ledojinsa na kwana uku da aka rubuta da alƙalami mai gogewa. Raɓar firiza ta cinye rubutun, muka tsaya da ledoji a hannu ba mu san na wane ba ne. Tun daga nan nake sa ƙaramar takarda mai rubutun fensir a cikin ledar, ban da na waje.

Mai son sanin furotin nawa ya zauna a jiki sai ya tara fitsari ma, a robar da aka zuba wa ruwan asid na salfa mai ƙarfin kashi 10, don naitirojin kada ya tashi a iska. A sa safar hannu da tabarau, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

7. Busarwa da ɗakin gwaji

A haɗa samfuran kwana 7 na kowane rago wuri ɗaya, kowane rago da nasa. Kada a haɗa na rukuni duka don rage kuɗi. Wanda ya yi haka ya mayar da raguna 5 rago ɗaya.

A busar a digiri 60 zuwa 65 na kwana 2 zuwa 3, har nauyi ya daina sauka. Zafin da ya wuce haka yana korar wani ɓangare na naitirojin, yana kuma ɓata awon zare. Shanya a rana kuwa tana kawo ƙura da yashi. A niƙa ya wuce rariya mai ramin milimita 1. Ɗan ƙaramin kaso ne ake kai wa digiri 105 don samun busasshen nauyi na gaskiya, wani kuma a ƙone shi a digiri 550 don samun toka.

Ku nemi a auna muku busasshen nauyi, toka, furotin, maiƙo, da zare ta hanyar awon da ake kira Van Soest, wato NDF (jimillar zaren) da ADF (ɓangaren zaren da ya fi wuyar narkewa), a abinci da saura da kashi. Furotin ana samunsa ne ta auna naitirojin a ninka da 6.25. Ku ƙara da awon jan ƙarfe a samfurin abincin. Kowane awo a yi shi sau biyu, ku kuma ajiye rabin kowane samfuri a hannunku ko da za a sake.

8. Lissafi

A cire saura daga abin da aka bayar, shi ne abin da aka ci. A cire kashi daga abin da aka ci, a raba da abin da aka ci, a ninka da 100. Duka a busasshen nauyi.

A ce rago na samun gram 1,000 a rana, busasshen nauyin abincin kashi 90, wato gram 900. Ya bar gram 50, wato 45 a bushe. Ya ci 855 ke nan. Kashinsa gram 800 ne ɗanye, busasshensa kashi 40, wato 320. To 855 a cire 320 saura 535, a raba da 855, narkewa kashi 62.6. Da an manta da ruwan kashi aka yi da ɗanyen nauyi, 950 a cire 800, da kashi 15.8 za a samu, a yanke wa abinci mai kyau hukuncin banza.

Furotin ma haka. Idan abincin na da kashi 12, ya ci gram 102.6. Idan kashin na da kashi 11, ya fitar da 35.2. Narkewa kashi 65.7.

Yanzu ware rabon tunkuza. A ce ciyawa kaɗai ta ba da 55, haɗin 70 da 30 ya ba da 59. Rabon ciyawa a haɗin shi ne 0.7 sau 55, wato 38.5. A cire daga 59, saura 20.5, a raba da 0.3, tunkuza ta tsaya a 68.3. Ku lura da kyau: da haɗin ya fito 60 maimakon 59, tunkuzar za ta koma 71.7. Kuskuren maki ɗaya ya ninku fiye da sau uku. Shi ya sa ba na son a gwada da tunkuza kashi 10 kacal a haɗin, kuma shi ya sa nake nanata kankare kusurwar keji. Hanyar kuma tana ɗauka cewa tunkuza ba ta canza narkewar ciyawar ba, alhali maiƙo na iya rage ta, furotin na iya ƙara ta. Ku faɗi wannan a rahotonku.

Idan kun gwada ganye ko zaren matsa kuka ga narkewar furotin ta yi ƙasa ƙwarai, har ta faɗa ƙasa da sifili, kada ku ɗauka sikeli ne ya lalace. Kashi na ɗauke da naitirojin da ya fito daga jikin dabbar da halittun cikinta, ba daga abinci kaɗai ba, kuma a abinci mai ƙarancin furotin wannan kason yana rinjaya.

9. Idan babu keji

Akwai hanyar manuni: a auna wani abu da ba ya narkewa, a abinci da kashi, kamar tokar da asid ba ya narkarwa. Idan tokar ta kai kashi 1.5 cikin 100 a abinci, ta kai 4 a kashin rago, a raba 1.5 da 4, a ninka da 100, a cire daga 100, an samu 62.5. Samfurin kashi kawai ake ɗiba safe da yamma. Amma ragowar da aka shanya a ƙasa tana ɗauke da yashi, kuma yashi na shiga wannan awon ya karkatar da shi. Gwajin kwalba da ruwan tumbi a digiri 39 yana da amfani wajen tace samfura masu yawa a zaɓi na kai wa raguna, sai dai ba ya nuna ko dabba za ta yarda ta ci.

10. Jan ƙarfe: abin da kwana 21 ba za su nuna ba

Tunkuzar ƙwarar manja na ɗauke da jan ƙarfe da yakan kai miligram 20 ko fiye a kowane kilo, tumaki kuwa sun fi shanu da awaki rauni a kansa nesa ba kusa ba. Iyakar da aka saba sa musu a dukan abinci tana wajen miligram 15 a kilo. Hantarsu tana tara shi shiru, makonni ko watanni, rago na ci yana ƙiba. Ranar da ta sake shi cikin jini, sau da yawa bayan wata wahala kamar doguwar tafiya ko sauyin abinci, sai a ga ya daina ci, idanu da dasashi sun yi rawaya irin ta shawara, fitsari ya koma ja mai duhu, cikin kwana kaɗan ya mutu. An ga wannan a Maleshiya a tumakin da aka ɗora kan tunkuza mai yawa.

Don haka kashi 68 na narkewa ba izini ba ne na cika komi. Ku ɗauki adadin jan ƙarfen da ɗakin gwaji ya ba ku, ku lissafa na dukan haɗin, har da na ciyawa da gishirin lasa, ku tsayar da rabon tunkuza inda jimillar ba ta haura iyaka ba. Matakin da ya yi kyau a keji sai a bi shi da gwajin ciyarwa na kusan wata 3, ana auna nauyi duk mako biyu, likita na ɗibar jini yana duba lafiyar hanta. Ana amfani da zink ko molibdinam da salfet wajen rage shigar jan ƙarfe jiki, amma likita ne zai yanke adadin, don su ma in sun yi yawa suna da nasu lahanin. Ragunan da aka yi karɓa-karɓa da su mako 12 su ne farkon waɗanda za a ɗebi jininsu kafin a mayar da su garke.